Hatsin Ɗiyan Malam Habila

"Wai bana babu zuwa gona?"

"Wace gona kuma? Mu da munka zo karatu?"

"Kai baƙo na. Duk wanda yash shiga aji huɗu makarantar ga, sai ya tai Kwalkwalawa yankan hatsi. Yayana ya tai. Har yau bai bar labarin hurar da sunka sha ba."

"Hura dai? Ni an ce mini ƙaiƙayi aka kwasowa, ka kwana kana susa kamar biri."

"To ka huta da susa. Tsohon da ad da gonar ya rasu cikin damana."

"Allah shi jiƙan shi."

"Amin. Shi kuma Malamin Gona bana za ya aje aiki."

"Shi ke nan, ta ƙare."

Yara ne ke wannan hira a gindin dogon yaro, ranar farko da komawa makaranta. Ba su lura da dattijon da ke jingine mashin ɗinsa a bayan bishiyar ba. Ya ji su sarai, musamman kalmar ƙarshe. Ya ɗauki jakarsa ya wuce ofishin malamai.

Shi ne Malam Habila, malamin darasin noma a wata makarantar sakandare ta je-ka-ka-dawo a cikin garin Sakkwato. Gajere ne kakkaura, furfura ta cinye kansa, muryarsa kuwa ba ta buƙatar lasifika ko a taron safe. In ya fara magana sai ka rantse mutumin Jos ne, kafin ya dire kuma ka ji "munka" da "sunka" sun faɗo ciki ba da saninsa ba. Shekara talatin da ɗoriya a gari ɗaya ba wasa ba ce.

A wani ƙauye kan duwatsun Filato aka haife shi, gidan manoman acca. Bautar ƙasa ta kawo shi Sakkwato, da niyyar shekara ɗaya ya tattara ya koma. Yana cewa a watansa na farko zafin bazara ya sa shi ɗaure akwatinsa har sau biyu. Sai aka ba shi aikin koyarwa. Ya je gida ya auro Martha, mai ɗinkin keke, suka kama haya a unguwar Runjin Sambo. A nan aka haifi Ruth da ƙannenta, waɗanda in sun je ganin dangi a Filato ake taruwa a saurari Hausarsu ana dariya.

Abin da aka san shi da shi a makarantar ba darasin aji ba ne. Gayya ce. Kuma asalinta a bakin randa ne.

A shekarunsa na farko akwai randar ruwa a barandar makaranta, da moɗa guda ɗaya. Wata rana yana wucewa, wata yarinya ta sha ruwa ta miƙa wa ta bayanta moɗar. Waccan ta dube ta, ta dubi moɗar, ta juya da ƙishinta. Ba zagi, ba faɗa. Malam Habila ya ce da faɗa suka yi da ya fi masa sauƙi, domin faɗa ana raba shi. Daga ranar ya fara lura da yadda sababbin 'yan aji huɗu ke zama lokacin tara. 'Ya'yan ma'aikata a gefe guda. 'Ya'yan ƙauyuka da ke zaune wajen 'yan'uwa a birni, a wani gefen. Yaran da ke zuwa coci, can kusa da katanga. Kowa ya buɗe abincinsa ya juya wa saura baya.

Cikin wannan tunani ne ya hau kekensa wata Asabar zuwa Kwalkwalawa, ƙauyen da ke gefen jami'a, neman zangarniyar gero da zai nuna wa yara a aji. Ya tarar da wani manomi siriri mai yawan dariya yana yankan hatsi shi kaɗai. Sunansa Mode.

"Zangarniya kaka son ka kai musu cikin jikka?" in ji Mode. "To mi zai hana ka kawo su su gan ta inda take? Kai ka samu darasi, ni in samu hannuwa."

Malam Habila ya karɓi wuƙar ya yanka kunya guda don ya nuna shi ma ba baƙon gona ba ne. Mode ya riƙe baki. "Ashe ƙaton manomi na cikin wando!" Abota ta ƙullu a nan, tsakanin karan gero.

Tun daga lokacin, duk shekara in an koma makaranta, wanda yake daidai da nunar gero, Malam Habila kan kwashi 'yan aji huɗu wata Asabar zuwa gonar Mode. Kafin su zo an riga an kwantar da karan ya sha iska. Shi yake raba su bibbiyu, maza da maza, mata da mata, kuma yana da ido: duk wanda ka fi gudu a aji, shi za ka tarar a gefenka. Su yanka zangarniya, su tara, sannan a zo wurin ɗaurin dami, inda dabarar take. Dami ba ya ɗauruwa da mutum ɗaya in ba gwani ba. Ɗaya zai danne da gwiwa, ɗaya ya ja igiyar kaba. In mai danna ya saki, hatsi ya watse, ku sake daga farko. Sai ka ji yaran da ba su taɓa gaisawa ba suna ihu: "Danne mana!" "Ai na danne, ke ja!"

Mode kuwa yana zagayawa yana tsokana. "Ke ɗiyar birni, hatsi na, ba maciji na ba, kama shi!" "Kai mai tabarau, wanga dami naka ko akuya ta raina shi."

In azahar ta yi, masu salla su yi alwala su tsaya a inuwar gawo, sauran su tsare kaya kada awaki su yi ɓarna. Ana idarwa sai ga abinci daga gidan Mode. Matarsa Mairo ita ke yi, tare da matan maƙwabta: tuwon gero da miyar sure, wato yakuwa, a manyan akusa, da fura a ƙwarya. Kowace ƙwarya ludayi ɗaya. Ana zama ne yadda aka yi aiki, ba yadda aka saba ba. Yunwar gona kuma ba ta san ƙyanƙyami ba. Malam Habila bai taɓa tsayawa ya yi musu jawabi a kan zaman tare ba. Yakan koma gefe shi da Mode da nasu akushin, suna kallon ludayi yana zagayawa.

Ba kullum abin ke ci ba. Akwai waɗanda suka ɗaure dami tare, Litinin ta zo suka wuce juna kamar ba a yi ba. Akwai shekarar da wani uba ya zo har makaranta yana faɗa, wai bai kawo 'yarsa karatu don a mai da ita 'yar ƙodago ba. Amma yawanci in aka dawo, zaman lokacin tara yakan sauya. Har yau akwai manyan mutane a garin nan da in sun haɗu a kasuwa ba sa kiran juna da suna, sai "abokin dami".

Bana Mode ya yi shuka, ya yi noman farko, ciwo ya kwantar da shi. Bai ga fitar kan gero ba. Malam Habila ya je jana'iza, ya tsaya daga baya har aka gama, ya zauna zaman makoki tare da mutanen ƙauye. Ɗan Mode guda ɗaya namiji, Zayyanu, direban babbar mota ne a kudu. Ya zo ya yi kwanakin da zai iya, ya koma bakin nema. Aka bar Mairo tana takaba a gida, ita da surukarta da jikoki ƙanana. Kowa kuma ya san yadda rumbun manomi yake a ƙarshen damina: ka leƙa ka ga ƙasansa.

Saboda haka ran nan da ya ji yara na cewa ta ƙare, ana tashi bai nufi gida ba. Ya bi ta gonar tukuna. Gero ya nuna, ya sunkuya, tsuntsaye sun fara sauka. Ya wuce gidan Mode. Mai takaba ba ta fitowa, shi kuma ba ya shiga, don haka ya tsaya a bakin zana ya yi sallama.

"Maraba da Malam," in ji muryar Mairo daga ciki. "An zo lahiya? Ina Uwar Rutu?"

"Tana gaishe ki. Uwargida, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Na biyo ta gona. Hatsi ya yi. Zan sa a kwantar da kara, Asabar ta sama in kawo yara kamar yadda aka saba." Ya gyara murya, domin ya daɗe yana shirya abin da zai biyo baya, kuma yana ganin alheri ne. "Sai dai bana kada ki ɗora komai a wuta. Zan gaya musu kowa ya zo da abincinsa daga gida. Ba ma so mu ɗora miki nauyi."

Kaza tana tono a gindin zana.

"Kowa da nashi?" in ji ta.

"Kowa da nashi."

"To, Malam, bana a bar shi. Mun gode. Allah shi saka da alheri."

"Hatsin fa, Uwargida? Tsuntsaye..."

"Allah mai shi ya san yadda za ya yi da shi. A gaida mutanen gida."

Ya ji takun silifa yana nisa. Ya daɗe a tsaye kafin ya tuna inda ya ajiye mashin.

A hanyar komawa abu ɗaya ke masa yawo a kai. Ashe zumuncin da Mode ne kaɗai. Ashe in ka cire Mode, shi baƙo ne a ƙofar gidan nan, ɗan Filato mai zuwa da yaran mutane. Kuma ba shi da baɗi da zai ce a gyara. A ƙarshen wannan zangon zai ajiye alli.

Da ya gaya wa shugabar makaranta ba za a je ba, ba ta ɓoye sauƙin da ta ji ba, domin dama fitar da yara bayan gari yana tayar mata da hankali. Ta sa malamin wasanni ya shirya musu abin sabo da juna a fili: jan igiya, tsere a cikin buhu, da wani wasa da ake ɗaure wa mutum ido abokinsa ya ja shi. Yara sun yi dariya ƙwarai, har da masu faɗuwa. Aka buga ƙararrawar tara. Malam Habila yana tsaye a baranda yana kallo, kowane ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki kularsa, ya koma gefen da ya fito.

Kwana da kwanaki bai gaya wa Martha yadda aka yi ba, ya ce dai an fasa. Ran Alhamis da la'asar tana kan keken ɗinki, shi yana zaune a kan tabarma ya tasa shayi a gaba har ya huce. Ta gaji da shirun.

"Baban Ruth, wai me Mairo ta ce maka ne?"

"Ta ce a bar shi."

"Haka kawai? Kai me ka ce mata?"

Ya faɗa mata. Keken ya tsaya cak.

"Maimaita."

"Na ce kada ta dafa, kowa zai zo da nashi. Matar nan ba ta da shi, Martha. In ɗebo yara fiye da hamsin in zube mata?"

"Kai! Kai da aka haifa a gidan noma?" Ta cire tabaranta ta ajiye a kan atamfar da take ɗinkawa. "Shekarar da Babanka ya rasu, da mutanen coci da na unguwa suka taru suka nome wa Mama gona, me ta yi?"

Ya tura kofin shayin gefe, ita kuwa ba ta tsaya ba.

"Ita da bakinta ta ba ni labari. Akuya ɗaya gare ta, ta sa aka yanka. Kawunka ya ce kada ta yi, ai taimakonta aka zo yi. Sai da aka ci sabuwar acca kafin ta sake amsa gaisuwarsa. Ka manta?"

"Ban manta ba," in ji shi a hankali. "Ni na riƙe ƙafar akuyar."

"To! Wanda ya ciyar da 'yan gayya shi ne mai gona. Wanda aka yi wa aiki aka hana shi ciyarwa, abin tausayi aka mai da shi. Mijinta ya rasu, ka je kuma ka gaya mata gidan ma ya rasu." Ta miƙe tana neman mayafinta. "Kuma in kowa ya zo da nashi, me ka kai su yi? Ai gara su ci a makaranta."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi shigarsa. Ya tuna baranda, da kuloli, da bayan da aka juya wa juna. Shekara talatin yana kallon ludayi yana zagayawa, shi ne kuma da bakinsa ya je ya ce a ɗauke shi.

"Tashi ka tayar da mashin," in ji Martha, "tun rana ba ta faɗi ba."

Suka bi titin jami'a, ita a baya tana riƙe da jakarta, har Kwalkwalawa. Martha ta yi sallama ta shige. Shi ya tsaya a inda ya tsaya wancan karon. Zana ba ta riƙe magana, don haka duk abin da aka faɗa a ciki ya ji.

An yi gaisuwa, an yi ta'aziyya. Sai muryar Mairo: "Uwar Rutu, taso ki ga wani abu." Ya ji an ja tsani, an ɗaga murfin rumbu.

"Leƙa. Mi kig gani?"

"Dammuna ne, a can ƙasa. An ɗaure su da jan ƙyalle."

"Hatsin bara na. Duk shekara in an gama gayya, kahin a zuba komi, sai mai gidan ga ya ware waɗanga da hannunshi. Shi ce, wanga na ɗiyan Malam na, na baɗi. Ko baƙi munka yi ba a taɓa shi." Ta ci gaba. "Da ciwo yay yi tsanani, ya kira ni yac ce, ko mi za a shiga, kada a ci hatsin ɗiyan Malam. Uwar Rutu, tun tsakiyar damana muke auna tsaba da gwangwani, ni da yaran ga. Na hau tsanin ga na leƙa, na sauka. Na hau, na sauka. Ban taɓa ba. Ina jiran ranar da za a ce mini ga su nan tahe. Sai ga Malam da kanshi, wai kowa da nashi."

A waje, Malam Habila ya cire hularsa. Da ya yi magana, muryar nan da ke cika filin makaranta, da ƙyar ta haye zana.

"Uwargida."

"Ashe da kai anka zo."

"Da ni. Na yi kuskure, ki yafe mini. Ran nan na zo kamar mai kawo taimako. Ba haka ba ne. Ni ke da buƙata. Ina da yara a aji, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, kuma su ne na ƙarshe da zan riƙe. Na iya sa su yanka hatsi, na iya sa su ɗaure dami. Abin da ke haɗa su, ba ni ke yin shi ba. Daga gidan nan yake fitowa."

Wani jariri ya yi kuka a ɗaki, aka rarrashe shi. Daga masallacin ƙauye wani yana gwada lasifika.

"Su nawa na bana?"

"Sun haura hamsin."

"Da kai, ko ban da kai? Don abokinka ya sha hwaɗa mini kai ɗaya kana tada akushi."

Martha ce ta fara dariya, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Shi ma ya yi, yana goge ido da hular.

"An ce mini za ka aje aiki," in ji Mairo.

"Haka ne. Ƙarshen zangon nan."

"To makaranta za ka aje. Hanyar Kwalkwalawa ba gwamnati tab ba ka ita ba. Jibi in an ɗaure, kai za ka ware na baɗi da hannunka, tun da mai warewa ba shi nan. Wanda za ya kawo yaran, wannan kai ta shahwa, ka nemo shi cikin waɗanda ka koya ma."

"Zan nemo."

"Kuma ka aika a kwantar da karan gobe da sahe, ko kwana ɗaya shi sha iska. Mu nan akwai sussuka, akwai surhe, akwai daka, ga lokaci ya ƙure." Ya ji tsanin ya sake motsi, surukar ta hau, ƙaiƙayi ya tashi sama da zana a cikin hasken yamma. Aka zuro dami na farko, jan ƙyallensa yana reto.

"Uwar Rutu," in ji Mairo, "aje jikkar ga, ki ɗaure zanenki da kyau. Zo ki kama mini gehen can mu sauke shi, don Allah. Ni ɗaya ba ni iyawa."